Ranar da Taubashina Ya Kashe Ƙauye Guda

Ni na kai shi wurin aikin nan da ƙafata, shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Ɗan kawuna ne, taubashina, ya gama karatu yana zaman kashe wando a Dutsi, innata ta matsa mini in nema masa abin yi. A lokacin ina aiki da wani shiri mai raba wa manoma iri da taki. Ofishinmu ɗaki biyu ne a cikin garin Daura, kuma ni ke riƙe da rumbun bayanai a kwamfuta. Kowane manomi da layinsa: suna, ƙauye, lambar waya, da ko yana raye. Wanda layinsa ya nuna ya rasu, ba shi ba taki. Na roƙi shugabarmu, wata Hajiya mai faɗa amma mai amana, ta ɗauke shi ya riƙa taya ni.

Tun makon farko na koya masa dokata. Na ce, "Kafin ka taɓa layin kowa, rubuta bigin. Daga nan duk abin da ka canza kamar hatsi ne a cikin kwanon awo, ba a juye a buhu ba tukuna. Ka duba layi nawa kwamfuta ta ce ta canza. In daidai ne ka rubuta komit, ya zauna har abada. In ka ga ba haka ba, rolbak, komai ya koma yadda yake." Ya yi dariya ya ce, "Bawa, ashe kana da kai." Haka yake kirana, wai ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji.

Ana cikin haka aka ce kuɗin shirin sun ja baya, bayan kaka mutum ɗaya za a bari a kan kwamfuta. Ko a jikina. Wa za a bari in ba ni ba?

Wata rana bayan azahar saƙo ya zo cewa wani dattijo ya rasu a wani ɗan ƙauye bayan Sandamu. Taubashina ya zauna zai gyara layinsa. Da yake sunaye suna yawan zuwa ɗaya, sai ya ga gara ya bi ta lambar waya, tunda a ganinsa kowa da tasa. Abin da bai sani ba, ni da na zauna ƙarƙashin darbejiyar garin na yi musu rajista na sani: waya ɗaya ce tal a ƙauyen a lokacin, ta mai unguwa, kuma ita kowa ya bayar.

Sai na ji ya ce, "Innalillahi! Bawa, zo ka gani." Na leƙa ta kafaɗarsa. Kwamfuta ta ce ta canza layi ɗari da wani abu. Mai unguwa ya rasu, liman ya rasu, kaf garin ba mai rai, ga motar taki za ta tashi jibi. Gumi ya keto masa, kuma wallahi komit ɗin da hannunsa ya saba shi ya fara rubutawa. Na riƙe masa hannu.

"Ka yi bigin?" na tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Na yi."

"To goge wannan, sakarai. Rolbak."

Na sake shi na ja da baya. Daidai nan Hajiya ta shigo. Ba ta ji raɗata ba, ba ta ga hannuna a kan nasa ba. Abin da ta gani shi ne gari guda a mace a fuskar kwamfuta, sannan yaro ya buga kalma ɗaya, kowa ya tashi. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ikon Allah! Kai, a ina ka koyi wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "A nan na koya, Hajiya." Bai yi ƙarya ba. Amma bai ɗago ya dube ni ba. Ni kuma na yi gum, don yabon kai jahilci ne, kuma da wane ido zan kalli kawu in na tona wa ɗansa asiri a gaban mace?

Daga ranar labari ya zama na Hajiya. Duk baƙon da ya zo sai ta ba shi, har da kwatanta yadda ya buga madannin kwamfutar. Mai unguwar da kansa da ya ji, ya aiko masa da zabi biyu, wai na wanda ya tashe su. Ni fa? Shekara da shekaru ina kan kujerar nan ban taɓa kashe ko mutum ɗaya ba, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Shi ya kashe gari guda, ya zama gwani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Kishi na yi, ba zan ɓoye ba, kishi mai hana cin tuwo. In ya yi dariya a ofis sai in ji kamar da ni yake. Ya aiko gidana da zabuwa ɗaya, na ce a dafa, na ƙi ko ɗanɗana romon. Matata ta ce, "Malam, hassada ga mai rabo taki ce." Na ce don Allah kada wanda ya ƙara yi mini maganar taki a gidan nan.

Bayan kaka Hajiya ta kira mu. Ta yi mini godiya mai tsawo, tun daga nan na san inda aka dosa. Shi aka bari.

Mu ma'aikata ma muna da layukanmu a rumbun nan, kuma mai riƙe da kwamfuta shi ke rufe na wanda ya bar aiki. Ranar da na koma ɗaukar butata da sallayata, na tarar da shi zaune ya zuba wa kwamfuta ido. Na leƙa ta kafaɗarsa, don sabo. Ya yi bigin, ya rufe layina, ya tsaya a nan.

Ya ce, "Yaya," bai taɓa kirana haka ba, "in yi rolbak?"

Na so in ce e. Wallahi na so. Amma rolbak ɗinsa ba zai canza zancen Hajiya ba.

"Layi nawa ta ce ta canza?" na tambaye shi.

"Ɗaya."

"Shi aka ce ka rufe?"

Ya gyaɗa kai, idonsa ya yi ja.

"To me kake jira?"

Ya rubuta komit, harafi ɗaya bayan ɗaya, yadda na koya masa. Na naɗe sallayata na fita neman ɗan acaɓa.