Ranar da Dokta Ya Ga Iyaka da Idonsa

Har gobe dariya nake in na tuna ranar da na raka Dokta Sabo ya ga iyaka. Lokacin ni ne sakataren hukumar gudanarwa ta wata 'yar makarantar yaranmu a unguwar Taman Melati ta birnin Kuala Lumpur, shi kuma shugaba. Shekara ta biyu ce ta korona. An ce in za a buɗe makarantu sai an ba da tazara tsakanin kujeru, mu kuwa ɗakuna uku gare mu a saman wani shago.

Sai Dokta ya samo gida mai fili a Gombak, ya ce hukuma ta saya. Ga wanda bai san aikin ba: takardar rajistarmu ta hana hukumar mallakar gini a wajen birnin Kuala Lumpur. Gombak kuwa a jihar Selangor take, duk da tasha ɗaya ce daga wurinmu a jirgin ƙasa. In muka saya, rajista ta tafi, yara su zauna a gida.

Sau uku ina faɗa masa. A na ukun ya ce, "Malam Habu, iyaka a takarda take kawai. Ka taɓa ganinta?"

Na ce, "Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To ka shirya, gobe mu je mu sa hannu."

Dokta ya yi watanni yana koyarwa daga falonsa, bai san 'yan sanda sun kafa shinge a hanyar ba. Ni na sani, don kwana biyu kafin nan aka koro matata daga can. Na ɓoye masa. Har biro na ɗauko masa.

A shingen ɗan sanda ya nemi takardar izinin ƙetarawa. Dokta ya gyara takunkumi, ya shiga bayani da Turanci, yana nuna rufin gidan da muke hangowa. Mutumin ya saurara tsaf, ya ce, "Tak boleh," wato ba zai yiwu ba. "Nan Kuala Lumpur, can Selangor." Ya nuna robobi masu ruwan lemo da aka jera a titi, ya ce mu juya.

Da muka juya na kasa haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, ashe iyakar nan, ruwan lemo ne launinta."

Dokta ya kau da kai, muka koma gida. Gaskiya na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga baya muka kama hayar saman shagon maƙwabcinmu, rajista ta tsira.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku riƙe wannan: sakatare ba ya cin gardama da shugaba da baki. In ka karanta masa doka ya ƙi ji, ɗauki biro ka raka shi.