Ranar da Kawu Dusma Ya Danna

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Sale ya san ba hannu yake bayarwa ba, kan yatsu uku ne. Ya ɗora maka su a tafi, kafin ka rufe hannunka ya janye abinsa. Baƙo yakan ɗauka girman kai ne. Mu da muka san shi mun san ba haka ba ne, mutumin dai ba ya matsa komai a duniya. Shekarunsa duka a rumfar gyaran agogo ya yi su, nan bakin babbar kasuwar Garwa, da gilashi a ido ɗaya da hantsaki a hannu, kuma ya yi imani duk abin da ya lalace a garin nan wani ne ya danna shi da ƙarfi. Kalmarsa ɗaya ce: "A hankali, ba faɗa ba ne." Da Fulani ya ce "sese-sese", da ma'aikata ya ce "dusma" da Faransanci, har sunan ya bi shi. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na yi karatu, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

Kun tuna babur ɗinsa? Bai taɓa buga masa kik ba. Wai ta yaya za ka fara safiya da shurin abin da zai ɗauke ka. Sai ya tura shi har kan gangaren bayan masallacinmu, ya hau, ya sake shi ya kama da kansa. Ran da ya mutu masa a kan gadar Binuwai, inda babu gangare ko na tafin hannu, da ƙafa ya turo shi gida cikin zafin Garwa. Inna Asabe, matarsa, ta ce, "Malam, da ka roƙi wani ya buga maka." Ya ce, "Ni ban shure shi ba, sai in tsaya ina kallo wani ya shure shi?" Ya sha ruwa moɗa biyu ya kwanta.

Katin shaidarsa kuwa sau uku ya je kafin a yi. Ɗan sandan da ke wurin ya sa masa tawada, ya ce ya danna yatsa a takarda. Kawu ya shafa takardar kamar mai duba ko fenti ya bushe. Mutumin ya ce, "Apuye, Baba, apuye," wato danna. Kawu ya ce, "Ɗana, yatsana ne ko naka?" A zuwa na uku ɗan sandan ya kamo yatsan da kansa ya danna. Mako guda Kawu yana nuna wa mutane yatsan nan a rumfa, yana cewa gwamnati ta ji masa ciwo.

Duk wannan dariya muke yi, har abin ya zo kaina.

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon zanen gini. Aikin kammalawa zanen asibitin haihuwa ne, kuma wanda bai miƙa ba ranar da aka sa, sai ya maimaita shekara. Kwamfutata tsohuwa ce ta kan tebur, irin mai akwati. Da zanen ya yi nauyi sai ta sandare, in kashe in kunna, aikin rabin yini ya tafi. Filip, wani ɗan garin Poli mai gyaran kwamfuta a layin su Kawu, ya ce ram ɗinta ne ya yi kaɗan, giga huɗu ne, a ƙara mata baret ta zama takwas. Baret ɗin wani siririn allo ne kore mai haƙora ruwan zinare, a kansa kwamfuta take riƙe aikin da take yi.

Kawu da kansa ya je ya zo da baret ɗin, a naɗe cikin hankici. Amma ya kafa sharaɗi: babu mai sa hannu a cikin akwatin nan sai shi. Ya taɓa ganin Filip yana buɗe wata da bakin wuƙa, tun ranar yake kiransa mahauci.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera sukurori bisa tsawonsu, ya sa gilashinsa, ya ɗauki baret da hantsaki ya ajiye ta a gurbinta kamar mai kwantar da jariri. Aka rufe, aka kunna. Na duba inda take nuna abin da ke cikinta. Giga huɗu.

Na ce, "Kawu, ba ta ga sabuwar ba."

Ya ce, "Baƙuwa ce, Uwata. Ki bar su su saba."

Na bar su suka kwana biyu, ba su saba ba. Saura kwana huɗu a miƙa aiki. Na je na roƙo Filip, Kawu ya yarda ya shigo tsakar gida bisa sharaɗin hannuwansa su zauna a bayansa. Haka babban mutum mai 'ya'ya uku ya tsaya a ƙarƙashin dalbejiya kamar ɗan makaranta, yana faɗa ina dannawa. Ya ce wataƙila tsarin da ke kanta na talatin da biyu ne, wanda ba ya ganin abin da ya wuce huɗu. Muka duba, na sittin da huɗu ne. Ya sa na shiga wani shuɗin shafi da ke fitowa kafin ta gama tashi, nan ma gurbi ɗaya ta nuna da kaya, ɗayan wai babu kowa. Ya ce a goge haƙoran da gom, magogin fensir na 'yan makaranta. Kawu ya ce gom a kan zinare sai dai bayan ransa, ya ɗauko burushin agogo ya yi rabin awa yana sharewa. Aka mayar. Huɗu.

Filip ya leƙa, ya ce, "Baba, ba ta zauna ba. Ka ga 'yan fararen maƙallan nan na gefe a buɗe suke. Sai an danna ta har ta ce ƙas."

Kawu ya cire gilashi ya dube shi. "Shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa jin ƙas ba sai abu ya karye."

"Wallahi haka aka yi ta, Baba."

"To wanda ya yi ta bai da tarbiyya."

Sai Kawu ya kawo tasa dabarar. Tunda tsohuwar tana aiki, gurbinta ne mai kyau, a yi musu musanya. Filip ya buɗe baki, Kawu ya ɗaga masa yatsa. Ya lallaɓa ya zare tsohuwar, wadda tun daga masana'anta take zaune daram, ya sauya musu wuri, ya ajiye kowace a hankali. Na kunna. Allon ya tsaya baƙi ƙirin, akwatin ya hau kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Da muna da huɗu, yanzu ba mu da ko ɗaya, kuma asibitina kaf yana ciki.

Inna Asabe daga bakin murhu ta ce, "To, yanzu sun saba."

Ni ban yi dariya ba. Ina da zuciya, kun sani, kuma ranar ta tashi. Na ce, "Kawu, wannan a-hankalin naka zai ci mini shekara guda. Kai babu abin da ka taɓa yin latti a kansa, don babu inda kake sauri. Ni ina da inda za ni." Na faɗa ina kuka, a gaban baƙo. Har yau in na tuna kunya takan kama ni.

Kawu ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya tashi ya wanke hannu, ya ajiye hantsakin a gefe, ya ce da Filip, "Mahauci, a ina ake sa yatsun?" Filip ya nuna masa da haɓa, don har lokacin hannunsa na baya. Kawu ya ɗora manyan yatsunsa biyu a kan baret, ya yi bisimilla, ya kau da kai gefe ya runtse ido.

Ƙas.

Ya ce, "Inna lillahi." Ya koma kan ta biyu, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. Ƙas. Fararen maƙallan suka rufe da kansu. Na kunna. Ta tashi. Na shiga na duba, na karanta da ƙarfi: takwas.

Filip ya ce, "Ka gani, Baba? Da ka danna tun farko."

Kawu ya gyara hula. "Wa ya danna? Jingina na yi."

Har ya mutu bai amsa cewa ya danna ba. Na miƙa aikina saura kwana guda, na ci, kuma duk wanda ya zo yi masa barka sai ya ce masa ai lallami ne ya yi aiki. Maganar da na faɗa masa kuwa bai taɓa tayar da ita ba, ni ma na kasa.

Bayan shekara biyu na sami aiki a Kuseri. Ya raka ni tashar mota, ya turo babur ɗinsa har can saboda babu gangare a hanyar. Lokacin ciwon ƙafa ya fara cinsa, ya rame. Da aka fara kiran sunayen fasinjoji na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini abin da na faɗa ranar nan." Ya ce bai san wace rana ba. Na miƙa masa hannu ina jiran yatsu ukun nan da na saba.

Sai ya kama hannuna duka, da hannuwansa biyu, ya matse har zobena ya shige mini cikin nama.

Na ce, "Kawu, da zafi."

Ya ce, "Na sani, Uwata. Mahaucin nan ya ce in ba a danna ba, ba ya zama."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ina Kuseri aka kira ni, kafin in iso an kai shi.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Bai taɓa tsananta wa mutum ko dabba ko ƙarfe ba. Ya Allah, ka karɓe shi a hankali.