Rabin Taken Baballe

Shekara talatin da ɗaya Audi ya yi yana kaɗa wa mahautan Agege kalangu, kuma a duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa ganin ya yi kiɗa a tsaye wuri ɗaya. Mutumin wani ƙauye ne a gefen Bakura. Ya zo Legas a bayan tirelar shanu yana saurayi, da niyyar wata uku, ya sami ɗaki a bayan layin dogo, ya zauna. Gajere ne, kafaɗarsa ta hagu ta karkace saboda rataya, hammatarsa ta yi kanta. Har yau bakinsa bai saki Sakkwatanci ba, Yarabancinsa kuwa bai wuce na sauka daga danfo, motar hayar Legas, ba.

Aikinsa da hantsi yake farawa, bayan an gama fiɗa an baza nama. Yakan bi teburan kwata ɗaya bayan ɗaya. Kowane mahauci da takensa, kuma taken kashi biyu ne. Na farko kira ne, kalangu ta ambaci sunan mutum da na ubansa. Da ya ji sai ya miƙe da wuƙa a hannu ya yi kirari. Sannan Audi ya ƙarasa da yabo, mutumin ya yanko tsoka ya ba shi, ya zauna. A wurin mahautan nan ba cin mutuncin da ya kai a kira ka a bar ka a tsaye. Marowaci kaɗai ake yi wa haka. Sau biyu Audi ya taɓa yi a rayuwarsa, ɗaya daga cikin mutanen ma kwashe teburinsa ya yi ya koma Ijora.

Babban ubangidansa Baballe ne, Bakano, ƙato mai muryar da ake ji daga tsallaken titi. Shi ya fara ba shi tozo ranar da ya iso, shi ya yanka ragon sunan 'ya'yansa huɗu.

A ƙarshen Janairun 2002 bama-bamai suka tashi a barikin Ikeja, bayan mako guda aka yi rikicin Idi-Araba. Tun daga nan unguwa ba ta koma daidai ba. Mutane suna cin abinci da takalmi a ƙafa, ko tayar mota ce ta fashe sai a fara jan ƙofofin shaguna. Wata safiya Audi ya buga gula sau ɗaya a bayan wata mai sayen ganda, ta jefar da kwanonta ta ruga, rabin kwata ya bi ta, har da Audi. Sai da ya kai bakin titi yana haki ya tambayi abin da ya faru. Da yamma Sarkin Fawa ya kira shi, ya ba shi haƙuri, ya ce ya jingine kalangu sai hankali ya kwanta. Gida ma ba dama, ƙaninsa ya aiko cewa tun da aka fara shari'a kiɗan biki ya yi wuya, makaɗan garinsu duk sun koma noman albasa.

Yana cikin wannan zama Kambai ya same shi. Kambai matashi ne ɗan Zonkwa, da rana yana aikin takardu a Apapa, ƙarshen mako yana kaɗa jita da abokansa huɗu a coci da wuraren biki. A teburin Baballe yake sayen nama. Ya ce za su fitar da kaset ɗinsu na farko, akwai waƙa ɗaya ta zaman lafiya da suke so a ji kalangu a cikinta. Audi ya yarda. Kafin a buga ko gula ɗaya aka kai shi wurin mai hoto, aka buga bangon kaset dubu biyu a Mushin. Ga shi nan a kusurwa da hularsa da kalangunsa, an rubuta sunansa a ƙasa. Ya karɓi guda ya zagaya kwata yana nunawa.

Sutudiyon a saman wani shagon ɗinki yake, ɗaki biyu ne da gilashi a tsakani, an manne bangon da katan ɗin ƙwai. Mai aikin, Fredrick, a Jos ya tashi, Hausarsa a tsaye take. Ya shigar da Audi ɗakin ciki, ya zana da'ira da alli a gaban makirufo, ya ce nan zai tsaya. Ya sa masa abin ji a kunne ya rufe ƙofa. Audi ya duba ɗakin, ba taga, ƙofa ɗaya. Sai ya ji tak, tak, tak a cikin kansa. Ya tambayi wanda ke ƙwanƙwasawa. Fredrick ya ce agogon waƙa ne, shi zai bi. Audi ya ce shi mutane yake bi.

Aka kunna. Ya matse kalangu a hammata, ya ɗaga gula, ya sauke. Ya ce bai ga wanda zai kaɗa wa ba. Fredrick ya ce ya kaɗa wa makirufo. Audi ya dubi abin sama da ƙasa, ya tambayi sunan ubansa. Da aka matsa masa ya fara, amma kafin bugu na biyar ƙafafunsa sun kai shi kusurwar ɗaki, sautin ya tafi tare da shi. Aka mayar da shi cikin alli, ya sake fita. Haka aka yi har azahar.

Fredrick ya kira Kambai gefe, amma a gaban Audi, ya ce ƙarfe huɗu mawaƙan wata coci za su shigo. In ba a samu ba, na'urarsa tana da kalangu a ciki. Ya danna wani maɓalli don a ji. Abin ya yi tum, tum, ta-tum, sumul, ba gargada.

Audi ya saurara har ƙarshe. "Wanga kurma ne," in ji shi. "Shi za a sa ƙarƙashin hotona?"

Kambai ya ce ai bangon an riga an buga, Baba. Audi ya zauna a ƙasa ya yi tunanin kwata. Duk wanda ya nuna wa hoton zai sa kaset ya ji wannan abu, ya ce Audi ya tsufa, hannunsa ya mutu. Ya ce a ɗauko masa Baballe.

Kambai ya hau okada ya dawo da shi. Baballe ya zo yadda yake, riga duk jini, wuƙarsa naɗe a jarida, da ƙullin nama a leda. Telan ƙasa yana ganinsa ya ja ƙofa ya sa sakata, sai ta bayan gida suka hau. Aka zaunar da shi a kujera bayan makirufo, Fredrick ya roƙe shi kada ya yi ko tari. Baballe ya ce shi ba yaro ba ne. Audi ya kaɗa kiran. Baballe ya miƙe, kujera ta faɗi, ya kurma kirari har allurar na'ura ta kwanta a ja. Ya ba da haƙuri, ya ce ba shi ba ne, jikinsa ne. Aka cika masa baki da goro aka sake. Goron ya ƙare a jikin gilashi.

A gwaji na tara Fredrick ya dawo da Baballe ɗakin da shi yake, bayan gilashi, ya ba shi ƙaramin makirufon da yake magana da masu kiɗa, don kirarin ya shiga kunnen Audi kaɗai. Shi kuma Kambai aka ciro masa babban makirufon daga sandarsa, aka ce ya riƙe ya bi Audi duk inda ya yi. Haka aka ɗauka. Audi yana zagaya ɗaki idonsa a kan gilashi, Kambai yana tafiya da baya a gabansa ba takalmi, Baballe yana daga can yana ɗaga wuƙa, Fredrick ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana kallon allura. Taken ya fita cikakke, kira da yabo, sau uku. Baballe ya buɗe ƙofa ya miƙa tozo. Huɗu saura kwata suka sauko.

Ranar Asabar da rana aka kira su su ji haɗin. Audi ya sa babbar rigarsa, Baballe ya zo da Mastura, matarsa, ta zauna a bakin ƙofa. Fredrick yana murmushi, ya ce kwana biyu ya yi a kan kalangun nan kawai, ya goge ƙarar takun ƙafa, ya ƙara mata nauyi. Ya kunna. Jita ta shigo, muryoyi suka biyo, sai kalangu, tas, kamar Audi yana tsaye a tsakiyar ɗakin. Ta kira Baballe da sunan ubansa. Baballe ya miƙe ya cika ƙirji. Kalangu ta sake kiransa. Ta sake. Ya tsaya baki buɗe, ya dubi Audi, ya ɗan zauna, aka kuma kira, ya miƙe. Minti shida waƙar ta yi. Mawaƙa suna roƙon Allah ya zaunar da Legas lafiya, Baballe yana tashi yana zama, Mastura ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da aka kashe, Fredrick ya yi bayani da jin daɗi. Ya ce gaban taken ya zauna daram a kan bugun waƙar, amma bayansa ya yi tsawo, yana karo da jita. Shi ya sa ya yanko gaban a kwamfuta ya yi ta maimaita shi. Haka ake yi ko'ina yanzu.

Baballe ya juya wurin Audi, muryarsa ƙasa-ƙasa, abin da ba a saba ji ba. "Sarkin kiɗa, me na hana ka?"

Audi ya ƙirga kiran tun daga farko, tamanin da huɗu ne. Wanda ya koma Ijora sau ɗaya aka yi masa. Ya yi wa Fredrick bayanin abin da ya aikata, Kambai yana ƙara masa da Turanci. Fredrick ya daina murmushi. Ya ce in ya mayar da yabon a bayan kowane kira, sai an sake waƙar daga tushe, kuma Litinin ake kai ta wurin masu kwafi. Abin da zai iya shi ne, bayan kowa ya yi shiru a ƙarshe, ya sa yabon sau ɗaya, ya rufe.

Audi ya ce kowane kira da nasa yabon.

Fredrick ya ce to, zai yanko yabon ya maimaita shi sau tamanin da huɗu, aikin minti biyu ne. Audi ya ce na'ura ta yi ɓarnarta, gyara kuma na hannu ne. Kambai ya duba takardarsa, ya ga waƙar ita ce ta ƙarshe a bayan kaset, kuma akwai sauran zare na kusan minti biyar da ba komai a kai. Ya dubi Baballe, ya dubi Mastura da har yanzu ba ta buɗe fuska ba, ya cire takalminsa ya ɗauki makirufo.

Audi ya tuɓe babbar riga ya rataya kalangu. Wannan karon bai nemi kirari ba, ya ce Baballe ya tsaya kawai, ai an riga an kira shi. Baballe ya tsaya a bayan gilashi. Audi ya yi ta zagaya ɗaki yana kaɗa yabo ba kira, kowanne da ɗan bambancinsa, Fredrick yana jan layi a takarda. A na sittin gular ta suɓuce, ya ɗauka ya ci gaba, ya hana a goge. Da ya kai tamanin da huɗu ya saki kalangu, Baballe ya zauna. Ba nama a hannunsa ranar, sai ya cire hularsa ya miƙa.

Kaset ya fito a watan Afrilu. Direbobin danfo da suka saya sun ɗauka aibi ne, da muryoyi sun tsaya sai su juya shi. Baballe ya daina hawa danfon da ke sa shi, bayan da ya riƙe wuyan rigar wani direba daga Pen Cinema har Oshodi don kada a juya. A kwata kuwa akasin haka aka yi. Mahauta ba ruwansu da waƙar, da biro suke murza zare su kai ƙarshe. Da yake ba suna a wurin, kowa sai ya faɗi nasa da na ubansa da baki, ya danna rediyo, ya miƙe tsaye minti biyar ana yaba shi.

An kai wa Audi ƙarar haka, wai ana cin yabon Baballe a kowane tebur. Ya ce wannan tsakaninsu ne, shi dai abin da aka fara da sunansa ya ƙarasa.