Buhun da Kawu Rabo Bai Soka Ba

In kun taɓa shiga ɓangaren hatsi a kasuwar Yankara, kun ga Kawu Rabo ko da ba ku san sunanshi ba. Shi ne dogon nan mai karkatacciyar hula, wanda hannunshi ba ya rabo da wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki, irin wanda ake soka wa buhu a ga abin da ke ciki. Yayan mahaifiyata ne, dillalin masara da dawa tun kafin a haife ni.

Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Kawu ya yarda da bakin buhu ba. Sai ya soka gindi, ya soka tsakiya, ya zuba a tafin hannu, ya hura, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna. Wata rana limamin unguwarmu ya kawo dawa, Kawu ya ɗaga ƙarfe. Liman ya ce, "Rabo, har ni?"

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, ba kai nike zargi ba. Ƙwari nike zargi, su ba su san liman ba."

Da wannan yake ci da iyalinshi. Manoman Ruwan Godiya su aiko mishi kaya ba su biyo ba, 'yan kasuwar Funtuwa su saya ta waya ba su gani ba, don kawai Rabo ya ce "na soka." In wannan kalmar ta mutu, Kawu ba shi da wani abin sayarwa.

Lokacin da danne-dannen waya ya cika gari, kowa na mainin ɗin kuɗin kirifto yana jiran ta fashe a samu kuɗi, Kawu dariya yake mana. Yana cewa mun koma kaji, sai tsattsagar gilashi. Da wata ta ɗan fashe ya ga yaran unguwa sun canza takalma, sai ga shi ya sa an buɗe mishi walet, wato asusun kirifto, a shagon caji. Kuma ku daina raina dattawa, don cikin ɗan lokaci Kawu ya gane kyandir ja da kore, masu nuna faɗuwa da tashin farashi, fiye da wasu masu kiran kansu malaman kirifto a nan Fesbuk. Sun san kansu, ba sai na yi tagin ba.

Matsalar ita ce yadda ya fassara abin. A wurin Kawu, in ka ga ja, kaka ta yi ke nan, kaya sun cika kasuwa, farashi ya faɗi. Mai hankali da kaka yake saye, ya zuba a sito, ya jira damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ya gwada a kan wani babban koin, aka yi sa'a ya tashi. Daga ranar ba mai gaya mishi komai.

Sai wani ya turo wani sabon koin a wani guruf na Telegiram, mai hoton zakara sanye da tabarau. Ya faɗi warwas, ja har ƙasa. Kawu ya kalla ya ce, "Wagga ita ce kaka." Ya saya. Bai tsaya nan ba, ya gaya wa Malam Muttaka.

Malam Muttaka abokinshi ne tun suna makarantar allo, kuma babban manomi ne. Inda ya kai masararshi, nan rabin ƙauyensu ke kai tasu. Bai san komai a kirifto ba, bai ma damu ya sani ba. Tambaya ɗaya ya yi, ina zaune a rumfar Kawu na ji da kunnena.

"Rabo, ka soka?"

Kawu ko ɗago kai bai yi daga waya ba. "Na soka."

Malam Muttaka ya sayar da maraƙin da yake kiwo, aka saya mishi koin ɗin nan mai zakara.

Damina ta zo. Masara ta tashi, dawa ta tashi, har gero ya tashi. Zakara yana kwance. Guruf ɗin aka rufe, waɗanda suka ƙirƙiro koin ɗin suka ɓace da hotunansu. Kawu kullum yana buɗe waya yana cewa wataƙila daminarsu ta Turawa ba ta zo ba tukuna.

Malam Muttaka bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tayar da hankali. Ya dai daina zama rumfar Kawu. Su gaisa a masallaci, lafiya lau, ya wuce. Kaka ta gaske ta matso, aka fara raɗe-raɗin cewa bana wani dillali zai kai wa masararshi. Kawu ya rame. Inna Lauratu, matarshi, ta ce ko tuwo a tsaye yake ci kamar mai jiran mota.

Ana haka, wata ranar kasuwa sai ga Yahya tela. Yahya irin mutanen nan ne da labari ke iske su bayan ya tsufa. Ya zauna a kan buhu ya rage murya.

"Kawu, na ji an ce kana da wani zakara, kuma har yanzu kaka ce. Ni ban iya saye a waya ba. Ka sallama mani naka yadda ka saya, in ya tashi rabona ne."

Na kalli Kawu. Ga hanyar fita ta zo har rumfa da ƙafarta, ba wanda ya kira ta. Ba sai ya yi ƙarya ba ma, "to" kawai zai ce. Ya daɗe yana juya ƙarfen nan a hannu. A rumfar da ke kusa kuwa Malam Muttaka ne ya ba mu baya, wai yana taya riɗi. Mutumin da shi kanshi yake noma riɗi.

Kawu ya ce, "Yahya, tashi mani daga kan buhu, ka ji magana. Abin nan ƙaiƙayi ne. Ba ya da kaka, ba ya da damina. Bakin buhu na kalla na saya. Na ce ma Muttaka na soka, ban soka ba."

Yahya ya ce, "To ko a rabin kuɗi?"

"Ko kyauta ban ba ka. Datar da za ka riƙa duba shi ma asara ce. Tahi ka gama ɗinkin mutane, rigata na wurinka tun ƙaramar salla."

Wasu sun ce Kawu ya san Malam Muttaka na ji, shi ya sa ya ɗaga murya. Ni na ce Kawu ko sirri zai gaya maka sai 'yan tasha sun ji.

Malam Muttaka ya ajiye riɗin ya juyo a hankali. "Rabo, sake hwaɗi. Kunnen nan nawa na hagu ya fara tsufa."

"Ban soka ba."

"Maraƙina fa?"

"Ya tahi, Muttaka. Ni na kai shi."

Malam Muttaka ya shigo ya zauna inda ya saba zama, ya cire takalmi. "Ni ba maraƙin ya hi ci mani rai ba. Kullum jira nike ka zo ka ce mani in ƙara haƙuri, zakara zai yi cara. Da ka hwaɗi haka, da mun rabu." Ya miƙa hannu ya ɗauki goron Kawu ba tare da ya tambaya ba. "Masarata na nan tahe."

Kawu bai bar kirifto ba, in kuna jiran wannan ne. Yana yi, kaɗan-kaɗan, da abin da in ya tafi ba zai hana cefane ba. Kafin ya taɓa koin sai ya binciki su wa suka yi shi, hannun mutum nawa yake, kuma in an saya ana iya sayarwa. Shi wannan yake kira soka gindi. Tun kafin ya shiga yake sa inda zai fita in abu ya juya, kuma ba ya matsar da shi ko waya za ta yi kuka. In ka tambaye shi me za ka saya, sai ya nuna maka dawa. Zakaran kuwa yana nan a walet ɗinshi, ya ƙi ɓoye shi. Yaran kasuwa har sun sa mishi Rabo Zakara, yana amsawa in ya ga dama.

Da masarar Malam Muttaka ta iso, Kawu ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana sokawa, shi kuma mai kayan yana tsaye ya harɗe hannu. Can wajen ƙarshe ƙarfe ya shiga gindin wani buhu ya fito da ƙaiƙayi zalla.

Kawu ya ɗago. "Muttaka, wanga fa?"

Malam Muttaka ya gyara hula. "So nike in ga ko ƙarfen na aiki."