Jifan Yaya Ilu

Wata Alhamis ce bayan an gama ɗaurin hatsi, shekarar da nake ajin CM1 a lakwal, wato firamare, 'yan lakwal ɗin Falanko suka zo mana Gangara wasan ƙwallo. Tun da safe Mushe Habu, malaminmu, ya sa muka bi gida-gida muna kwasar tokar murhu, da ita muka ja layin fili. Filin kuwa gona ce da aka tuge kararenta, ragarmu itace biyu da igiyar guga a sama. Daga bayan layin toka sai karangiya iya ganinka, mu kuma ba mai takalmi a cikinmu.

Saboda karangiyar nan muke da dokarmu ta gari: in jifa namu ne, wanda ya shiga ya ɗauko ƙwallo shi zai jefa. Kullum wana Ilu ne ke shiga. Cutar shan inna ta taɓa masa hannun hagu tun yana goye, hannun ya ƙanƙance, ba ya wuce ƙirjinsa. Amma na daman, tubarkalla! Majajjawar korar tsuntsaye a gonar Baba ta ƙera shi, in ya wurga ƙwallo da shi sai ta sauka a bakin raga. A rijiya cewa ake ya matsa gefe, a gida Inna ba ta bari ya ɗora tulu. A fili kaɗai ake kiran sunan Ilu da ihu, kuma don wannan ihun yake taka ƙaya.

Alƙalin wasan wani saurayi ne da aka ɗauko daga Tanut, ga usur a wuya ga agogo a hannu. Falanko suka ci mu ɗaya tun da wuri, daga nan suka koma cin lokaci. Ƙwallo ta zo ƙafarsu, sai su ɗirka ta can tsakiyar karangiya. Golansu ya kwanta yana riƙe ciki kamar ya sha ɗanyen nono. Alƙali ya ƙyale su. Yaya Ilu ya yi ta shiga yana fitowa, ƙafafunsa sun yi baƙi da ƙaya, yana jifa da hannunsa ɗaya a gaban idon mutumin nan, shi kuma yana ɗaga hannu a ci gaba.

Rana ta yi ja, aka sake fitar da ƙwallo kusa da ragarsu. Ilu ya ɗauko a guje, ya dube ni, ya wurgo. Na sa kai, ta wuce ƙarƙashin igiyar guga. Garinmu ya kaure, mata na guɗa daga bakin danga. Sai usur.

"Jifan tush da hannu biyu ake yi, doka ce," in ji alƙalin.

Mushe Habu ya ce wa alƙalin, "Haba Mushe, tun ɗazu haka yaron nan ke jifa kana gani. Sai yanzu da aka ci?"

"To, ya sake da hannu biyu in gani."

Da ma ya ba Falanko ƙwallon kawai, da ya fi mana sauƙi. Ilu ya tsaya kan layin toka, gari duka na kallonsa. Ya danna ƙwallon a ƙirji da ƙaramin hannun, ya tallabe da na dama, ya yi ta ƙoƙarin kai su bisa kansa har jijiyar wuyansa ta fito. Ƙwallon ta suɓuce ta faɗi a gaban yatsunsa. Wani yaro ya yi dariya. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Da magariba Inna ta zaunar da Ilu tana cire masa ƙaya da allura, hawayenta na ɗiga a kan ƙafarsa. Shi bai yi kuka ba. Cewa kawai ya yi, "Inna, bari, ba zan sake shiga ba." Bai kuwa sake ba. Mushe Habu ya zo har gida ya lallashe shi, Ilu ya ƙi. Tun daga ranar ba na son jin an ce "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", ko da da alheri aka faɗa.

Yanzu a Tanut nake zaune. A gidan kallo ina jin samari na gardama kan alƙalan da ke ƙirga wa mai jifa lokaci, wai an hukunta wannan an ƙyale wancan. Ni ban ƙi doka ba. Da mutumin nan ya busa tun jifan farko, da Ilu ya koma tsakiyar fili ya yi wasansa da ƙafa. Sai da ya bari Ilu ya sha ƙayar yini guda, sannan ya tuna da dokar. Filinmu an gina shi, Yaya Ilu ya yi furfura, yana sayar da hatsi a kasuwar Gangara. In ƙwallon yara ta gangaro gaban rumfarsa, da ƙafa yake mayar musu.