Wasiƙar da Kawu Bai Buɗe Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya shafe shekaru yana sasanta manoma da makiyaya a ƙauyukan da ke tsakanin Daura da Mai'adua. Ba alƙali ba ne, ba shi da sarauta. Abin da ya sa ake zuwa zaurensa guda ɗaya ne: ba ya sauraron ɓangare ɗaya sai ɗayan yana zaune. Idan wani ya aiko da takarda kafin ranar zama, sai ya tura ta ƙarƙashin buzu a manne, ranar zaman ya yage ta a gaban kowa.

Da zamani ya zo da imel, ni aka ɗora wa duba masa, tunda ni ce malamar makaranta mai kwamfuta a gidan. Wanda ya buɗe masa akwatin imel ɗin ya saita shi a kan rubutu zalla, babu hoto, babu launi. Ni kuwa abin ya riƙa ba ni haushi. Katin gayyata ya zo, sai ka ga tarkacen haruffa. Na ce wannan wane irin ƙauyanci ne, na sauya saitin don komai ya riƙa fitowa da kwalliyarsa. Ban tambayi kowa ba.

Sai rigimar wani burtali ta taso, wato hanyar shanu da wani manomi ya shigar cikin gonarsa. Ɗan manomin yana aiki a birni, ya aiko wa Kawu imel. Na gaya masa. Da yake sunan kakata aka sa mini, sai ya ce, "Uwata, bar shi a rufe sai ranar zama."

Na ce to. Amma kan saƙon ya yi ta tsokane mini ido, na buɗe na leƙa. Washegari na sake buɗewa don in ga taswirar gonar da ya sa, jibi ma haka. Ko kalma ban faɗa wa Kawu ba, ina ganin abu ne tsakanina da kwamfutata.

Ranar zaman ina soron ciki ina jin komai. Kawu ya fara yadda ya saba, ya ce bai ji ta bakin kowa ba, akwai saƙon da aka aiko amma ba a buɗe shi ba. Magana ta yi nisa, gaskiya ta fara karkata wajen makiyaya. Nan ɗan birnin ya zaro waya.

"Allah ya gafarta Malam, ka ce ba a buɗe ba. Ga shi nan, an buɗe sau uku, har da rana da lokaci."

Daga baya na fahimci yadda aka yi. A cikin irin wannan saƙo mai ado ana ɓoye wani ɗan hoto da bai kai ƙwayar gero ba. Da ka buɗe, kwamfutarka za ta je ta ɗauko shi daga wajen mai aikowa, shi ke nan ya san ka buɗe. Da akwatin yana kan rubutu zalla, babu hoton da za a ɗauko, babu labarin da zai koma.

Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Mutum ya aiko maka wasiƙa, ashe da ɗan leƙen asiri a cikinta, bai gaya maka ba, kuma wai wannan ci gaba ne. Shi kuma marar kunyar, me ya sa bai yi magana tun farkon zama ba, sai da ya ga ubansa zai sha ƙasa? Ya ɗaga wa dattijon da a haife ya haifi ubansa waya a fuska, yana wani murmushi. Wallahi da ba don a gidan Kawu ba ne, da na fito mun yi ta.

Amma wa ya buɗe? Ni ce.

Babban makiyayan bai yi faɗa ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Malam, mun gode," mutanensa suka bi bayansa.

Bayan la'asar Kawu ya kira ni. "Uwata, ke ce?" Na ce ni ce, kuma gobe zan hau mota in je rugar makiyayan in faɗa musu da bakina. Ya ce a'a, ba zai wanke kansa da sunan 'yar ƙanwarsa ba, amanar akwatin shi ya ba ni, don haka shi ya buɗe. Na yi kuka, na yi masifa, bai sauya ba.

A ranar na mayar da saitin kan rubutu zalla, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Damina biyu ke nan ina duba akwatin duk safiya. Kawu yana shimfiɗa buzunsa a zaure kamar kullum, amma babu mai zuwa sasanci, wani lokacin ya tambaye ni ko an aiko da wani abu, in ce masa ba a aiko ba.