Kaset Ɗin Mai Guga

Tun yana saurayi yake guga a shago ɗaya, mai tebur ɗaya da ƙusoshin rataye kaya a bango. Ba shi da yawan magana. Abin da unguwa ta san shi da shi, bayan karin wando mai kaifi, shi ne tsohuwar rikodarsa da kaset ɗaya tilo da yake sawa kullum.

Ba waƙa ba ce a ciki. Wani shiri ne na talabijin na da can, irin wanda kowane mako ake kawo sabon labarin al'ajabi. Wannan labarin na wata mata ne da inuwarta ta gaji da bin ta, ta zauna a bakin titi, ta ce ita fa ta isa haka. Har yau dattawa idan sun kawo guga sukan tsaya su yi musu ko inuwar ce ke da gaskiya.

Lokacin da aka nuna shi ba su da bidiyo, sai matarsa ta kara rikoda a gaban talabijin. Komai ya shiga: ƙarar fanka, kukan 'yarsu Auta tana jaririya, da muryar matar tasa ita kanta. Tana ce wa inuwar, "Zauna abinki, 'yar'uwa, ai kin yi ƙoƙari!" Can kuma ta yi dariya ta ce, "Baban Auta, matsa mana, kanka ya tare min rabin labari."

Matar tasa ta rasu da jimawa. Bai taɓa gaya wa kowa abin da yake saurare ba, kowa ya ɗauka shirin yake so.

Da kaset ɗin ya fara ja, muryoyi suna nutsewa, Auta, wadda yanzu malamar asibiti ce, ta ce za ta kai a juye masa a waya. Ya jima yana shafa murfinsa kafin ya miƙa mata.

Ta dawo da murna. "Baba, mutumin gwani ne! Zaren ya tsinke yana gama juyewa, ya riga ya ruɓe, amma mun tsira da shirin. Har ya wanke maka shi tas, duk hayaniyar nan ya cire."

Ta kunna. Muryar 'yan wasan ta fito garau, kamar yau aka ɗauka. Babu fanka, babu jaririya, babu kowa a ɗakin.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. Bai ɗago ba, har rigar da ke ƙarƙashin dutsen gugarsa ta fara ƙauri.

Washegari ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya nemi wurin mai juye kaset a layin masu gyaran waya. Ya same shi da abin sauraro a kunne.

"Ɗana, kai ka yi aikin inuwar nan?"

"Ni ne, Baba. Ya fita ko? Na sha wuya, wata mata ce sai surutu take yi a kai."

Mai guga ya gyaɗa kai. Ya dubi kwamfutar, ya leƙa kwandon shara da ke ƙarƙashin tebur.

"To hayaniyar da kuke cirewa," ya ce a hankali, "ina kuke zuba ta?"